Daga Faifai Zuwa Rumbu: Waiwaye Kan Wasannin Na'ura da Adana Su a Tarauni

Cikin shekaru talatin da suka wuce, wasan na'ura, wanda yara da samarin Kano suka fi sani da gem, ya sauya mazauni har sau biyu a Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Tarauni. Da farko yana cikin kaset ɗin roba da ake cusa wa na'urorin Sega da Nintendo da kwaikwayonsu masu araha, daga nan ya koma kan faifai bayan da kamfanin Sony ya fito da PlayStation a Japan a watan Disamba na 1994, sannan ya bar faifan ya shige rumbun ajiya na kwamfuta, inda ba a ganin komai nasa sai sunansa a jerin da ke bayyana a allon talabijin. Sauyi na biyun shi ya fi na farkon nauyi, kuma shi aka fi yin shiru a kansa, domin a kan teburin masu gyara ya faru, babu kamfanin da ya yi tallansa. Abin da ya sa ya yiwu shi ne hoton faifai, wato fayil guda ɗaya da ya tattara duk abin da ke kan faifai, a jere kamar yadda aka shimfiɗa shi tun daga farko har ƙarshe, ta yadda na'ura za ta karanta shi ta ɗauka faifan ne da kansa aka saka mata. Masu sana'ar suna ce masa ISO, saboda ƙa'idar ISO 9660 da aka kafa a 1988 domin tsara yadda ake jera bayanai a kan faifan sidi.

Kafin a gane dalilin da ya sa Kano ta rungumi wannan hanya, sai an tuna irin wahalar da faifai ya sha a ƙasar nan. Na'urorin da suka cika gidajen gem a ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000 galibinsu na hannu ne, kayan gwanjo da suka biyo ta tashoshin jiragen ruwa, kuma kowace ta zo da ɗabi'ar ƙasar da aka ƙera ta dominta. Wadda aka yi don Amurka ko Japan tana shan wutar da ba ta wuce rabin ƙarfin wutar Nijeriya ba, saboda haka wanda ya jona ta babu na'urar rage ƙarfi ya ƙona ta nan take. Hotonta kuma na tsarin NTSC ne, wanda ke fitowa baƙi da fari a talabijin da ba ta san komai ba sai PAL, tsarin da gidajen talabijin na Nijeriya ke amfani da shi. Ban da wannan akwai kullen da Sony ya saka da gangan. A farkon kowane faifai na asali, irin mai baƙin baya ɗin nan, an ɓoye haruffa huɗu da ke nuna yankin duniyar da aka yi shi dominsa, kuma an rubuta su ne ta hanyar wata 'yar lanƙwasa a layin faifan wadda injin kwafar faifai na gida ba ya iya kwaikwayonta. Maganin da masu gyara suka samo shi ne cif, ɗan guntun ƙarfe da ake liƙa wa allon na'urar da dalma da 'yan siraran wayoyi, wanda aikinsa kawai ya riƙa aika mata da haruffan nan huɗu ko da faifan da ke ciki na kwafi ne.

Cif ya buɗe kulle, amma bai hana ƙura shiga ba. Idon na'ura, wato ɗan madubin da ke harba haske kan faifai yana karanta shi, ba a yi shi don ɗakin da ƙurar hunturu ke ratsawa ba, ko zafin Afrilu da kan haura digiri 40, ko aikin da ke farawa da tashi daga makaranta ya kai dare ba hutawa. Faifan kwafi mai araha kuma ba ya mayar da haske kamar na asali, don haka idon ke ƙara wahala ya mutu da wuri. Duk wanda ya zauna kan bencin gidan gem a wancan zamani ya san jerin dabarun da ake bi: a hura faifan, a goge shi da gefen riga daga tsakiya zuwa baki, a shafa masa man goge haƙori idan ya sha karce, idan duk sun ƙi a kifa na'urar a kan bayanta ko a jingina ta a tsaye, kowa ya yi tsit yana jiran tambarin PlayStation ya wuce. Mai gidan gem kuwa lissafinsa daban ne, domin kowane minti da wasa ya ƙi tashi man janareta ne ke ƙonewa ba tare da ko sisi ta shigo ba.

A daidai wannan lokaci, a wuraren da ake ƙirƙirar wasannin, an riga an daina dogara da faifai wajen aikin yau da kullum. Kafin wasa ya fito kasuwa ana gina shi a gwada, a gyara, a sake ginawa sau ɗaruruwa, kuma da za a jira a buga sabon faifai a kan kowane gyara da aikin bai ƙare ba. Shi ya sa kamfanonin da ke ƙera na'urorin suke bai wa masu ƙirƙira da suka yi yarjejeniya da su wasu na'urori na musamman waɗanda ba a yi su don kasuwa ba, kuma iri biyu ne: na'urar ƙira, wadda ake haɗawa da kwamfuta a tura mata wasa kai tsaye ana leƙen abin da ke faruwa a cikinta, da na'urar gwaji, wadda ta yi kama da ta gida sai dai babu kulle a kanta. Ta gwajin PlayStation ta farko shuɗiya ce, wata kuma koriya, kuma tana karanta faifan da aka kwafa da hannu ba tare da cif ba. Ta ƙirar PlayStation 2, mai lamba DTL-T10000, girmanta ya kai na akwatin kwamfutar tebur, tana da ƙwaƙwalwar aiki megabait 128 inda ta gida ke da 32. Wadda ta fi dacewa da wannan batu ita ce RVT-H, wadda Nintendo ya yi wa masu ƙirƙirar wasannin Wii bayan fitowarta a 2006. Fuskarta ja ce, ba ta karɓar faifai ko kaɗan, a maimakonsa tana da rumbun ajiya da aka kasa gida takwas, kowane gida yana ɗaukar hoton faifai guda, faifai mai hawa biyu kuma ya ci gida biyu. Mai gwaji yana danna maɓalli ya zaɓi gida, na'urar ta ɗauka an canza mata faifai. Akwai wata ɗabi'a tata da ta zama alheri daga baya: idan aka goge hoto, sunansa kawai ake cirewa daga jadawalin da ke farkon rumbun, bayanan kuwa suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. Da kamfanonin ƙirƙira suka riƙa rufewa ana gwanjon kayansu, masu bincike suka sayi irin waɗannan na'urori suka tono wasannin da ba a kammala ba, wasunsu ma ba su taɓa fitowa kasuwa ba.

Kano na'urar kasuwa ta sani, kuma ta bayan gida ta isa ga wannan dabara, rashin uwa ya sa ta yi uwar ɗaki. PlayStation 2, wadda ta fito a Maris na 2000 kuma aka sayar da fiye da miliyan 150 nata a duniya, samfurinta na farko mai kauri yana da rami a baya da ake saka rumbun kwamfuta. A 2004 aka fito da manhajar HD Loader, wadda ke kwashe faifai zuwa wannan rumbu ta kunna wasan daga can, kuma a shekarar ce Sony ya fito da siririn samfuri wanda aka cire wa ramin. Bayan 'yan shekaru sai ga Free McBoot, manhajar da ake ɗora wa ɗan katin ajiya mai megabait 8 ta buɗe na'urar ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba, da Open PS2 Loader, wadda ke karanta hotunan faifai daga rumbu ko filashi ko kwamfutar da aka haɗa da waya. Masu sa kai ne suka rubuta waɗannan biyun a ƙasashe daban-daban suka sake su kyauta a intanet. Sakamakonsu a gidan gem a bayyane yake, domin na'urar da idonta ya mutu, wadda da sai dai a ciri kayan gyara a jikinta, ta dawo aiki, kuma rumbu mai gigabait 500 yana ɗaukar wasanni sama da 100 ko da kowanne ya cika faifan dibidi mai gigabait 4.7. Irin haka ta faru da PlayStation 3 bayan an fasa kullenta a 2010, inda har akan ɗora wa ta gida manhajar na'urar gwaji, wato a mayar da ita abin da kamfanin ya keɓe wa masu ƙirƙira.

Daga nan wata sana'a ta tsiro, 'yar uwar sana'ar masu tura fina-finai da waƙoƙi a memori, wadda ta bunƙasa a kasuwar waya ta Farm Centre da ke cikin Tarauni da kuma titin Beirut bayan shigowar wayar salula a 2001. Wanda bai tsaya kusa da mai loda gem ba zai ɗauka kwafa da liƙawa ne kawai, alhali aikin yana da ƙa'idoji da ake koya da hannu. Filashin da PlayStation 2 ta saba karantawa yana kan tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya kai gigabait 4, saboda haka babban wasa sai an yanka shi gunduwa-gunduwa da manhajar USBUtil, kowace gunduwa gigabait ɗaya, tare da wani ɗan fayil da ke riƙe da jerinsu, wanda idan ya ɓace duk wasannin suna nan amma ba a ganin ko ɗaya. Kowane wasa yana da lambar shaida, SLUS ga na Amurka, SLES ga na Turai, SLPM ko SLPS ga na Japan, kuma da ita manhajar ke gane shi ta haɗa shi da hoton bangonsa. Idan fayil ya warwatsu a cikin rumbu saboda yawan gogewa da sake turawa, wasan kan tsaya a baƙin allo. Ramin USB na na'urar tsohon samfuri ne mai jinkiri, shi ya sa bidiyon farkon wasa ke tsinkewa yana in'ina. Idan kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar turawa, akan sami fayil mai cikakken suna da rabin ciki, wanda ba za a gane ba sai mai wasa ya kai wani mataki ya ga komai ya daskare. Yaron da ya ƙware a wannan ya san tsarin fayil da rabon rumbu fiye da ɗalibai da yawa da suka karanta su a littafi, kuma abin takaici ne da ba a lissafa shi cikin masu ilmin kwamfuta.

Wannan ƙwarewa ta yaɗawa ce, wadda burinta wasa ya tashi yau, adanawa kuwa wani aiki ne daban, kuma a nan ne gibin yake. Yawancin hotunan da suka yi yawo a rumbunan Kano an taɓa su kafin su iso. God of War na 2005, alal misali, a kan faifai mai hawa biyu ya fito, kuma domin ya shiga faifan kwafi mai hawa ɗaya sai da aka rage ingancin bidiyonsa ko aka cire wasu. Ƙwallon ƙafa, wadda ita ce abincin gidan gem, labarinta ya fi wannan nisa. Sony ya daina ƙera PlayStation 2 a farkon 2013, kuma Pro Evolution Soccer na ƙarshe da kamfanin Konami ya yi mata shi ne na 2014, amma shekaru bayan haka ana ganin 'yan wasan sabuwar kaka a kanta, kowa da sabuwar ƙungiyarsa da sabuwar rigarsa. Masu sha'awa ne ke buɗe hoton faifan su canza sunaye da fuskoki da riguna da kiɗa, su sake ɗinke shi su saki. Mafi shahara a duniya shi ne Bomba Patch na Brazil, wanda ya samo asali a 2007 daga wani gidan gem a jihar Sao Paulo, abin da ke nuna cewa ƙasashen da sabuwar na'ura ta fi ƙarfin aljihunsu hanya ɗaya suka bi ba tare da sun yi shawara ba. Irin waɗannan gyararrun hotuna su ne ainihin abin da samarin Babban Giji suka buga, a kansu aka yi musu da gasa, a kansu aka gina ƙungiyoyin Master League na tsawon watanni a ɗan katin ajiya. Duk da haka su ne mafi saurin ɓacewa, domin da sabuwar kaka ta shigo ake goge ta bara don a sami wuri.

Masu adana wasanni na duniya ba za su cike wannan gibi ba, saboda abin da suka sa a gaba daban ne. Ƙungiyar sa kai ta Redump tana tattara bayanan faifan da aka buga a masana'anta, kuma ba ta ɗaukar hoto a matsayin tabbatacce sai wani ya sake kwafo shi daga nasa faifan an ga sakamakon ya zo ɗaya. Ana gane haka ne da lambar tantancewa, wato wani lissafi da kwamfuta ke yi a kan dukkan fayil ta fito da jerin haruffa da lambobi, 40 a tsarin SHA-1, wanda ko ɗigo ɗaya aka canza a fayil ɗin sai jerin ya canza gaba ɗaya. Wannan ba baƙon tunani ba ne a garin da malamai suka yi ƙarnoni suna kwafar littattafai da alƙalami da tawada, suna yin muƙabala, wato karanta kwafi ana bin asali domin a kama kuskure, sannan a rufe da sunan wanda ya rubuta da wanda aka rubuta wa, wani lokaci har da shekara. A Maris na 2021 ƙungiyar Hidden Palace ta saki sama da kwafi 700 na wasannin PlayStation 2 da ba a kammala ba, waɗanda aka ceto daga faifan gwaji. A 2023 kuma binciken Video Game History Foundation ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin. Idan haka lamarin yake a ƙasar da ke da gidajen tarihi na wasanni da masu kuɗin sayen tsoffin na'urori, ana iya kwatanta inda gyararren hoton da ya yi kaka ɗaya a wani shago na Gyaɗi-Gyaɗi ya dosa.

Kano ta taɓa yin irin wannan asara a fili, kuma a maƙwabtan waɗannan unguwanni, tunda ofisoshin masu shirya finafinan Hausa a titin Gidan Zoo suka taru. Masana'antar ta fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ta bi ta kaset ɗin bidiyo da sidi da dibidi har ta kai memori da YouTube, kuma a kowace ƙaura an bar kaya a baya. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna yadda hanyoyin kwafa da rarraba finafinan Indiya da na Amurka a kasuwar Ƙofar Wambai suka zama tushen da fim ɗin Hausa ya hau ya yaɗu. Kasuwar ta iya buga dubban kwafi ta kai su Maraɗi da Yamai da Kumasi, amma ba aikinta ba ne ta ajiye na asali, shi ya sa samun kwafi mai kyau na finafinan farko da yawa ya zama jan aiki a yau. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukarsa ɓatacce, sai a 2016 aka gano shi cikin kayan Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi da haɗin gwiwar cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Wannan fim ya tsira ne domin a kan zare yake, kuma zare yana iya jira shekaru arba'in a ɗakin ajiya. Rumbun kwamfuta ba shi da wannan haƙuri, faɗuwa ɗaya daga kan tebur ko wuta mai ƙarfi ta isa ta kashe shi, ga kuma gobara, wadda ta ci kasuwar Sabon Gari a Maris na 2016, ta kuma tashi a Farm Centre ranar Babbar Sallah ta 2025.

Akwai hujjoji biyu da za a iya kawowa a ce a bar abin ya tafi, kuma dukkansu suna da nauyi. Ta farko ita ce yawancin hotunan kwafi ne da aka yi ba da iznin masu haƙƙi ba, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta haramta fasa kullen da aka kare aiki da shi. Ba wanda ke neman a halatta cinikin haƙƙin wasu, amma dokar ta ware wa ɗakunan karatu da gidajen tarihi da ma'ajiyar takardu damar yin kwafi domin adanawa, kuma jerin sunaye da hotunan bango da lambobin tantancewa da hirar masu sana'a ba su shiga haƙƙin kowa ba. Ta biyu ita ce kallon da iyaye da malamai da yawa suka yi wa gidan gem, na wurin gudun makaranta da ɓarnar kuɗi, wani lokaci har da caca. Damuwar ta gaskiya ce, kuma wasu gidajen sun cancanci zargin. Amma ma'ajiyar tarihi aikinta ta ajiye abin da ya faru domin a yi nazarinsa, ko abin yabo ne ko na zargi, kuma mai son sanin yadda matasan Kano suka fara taɓa kwamfuta, da inda masu gyaran waya na yau da yawa suka fara riƙe ƙarfen dalma, dole ya bi ta wannan ɗaki.

Lokaci kuma yana ƙurewa ta wata fuskar da ba a zata ba. Sony ya fito da samfurin PlayStation 5 marar wurin faifai a 2020, Konami ya mayar da wasan ƙwallonsa eFootball a 2021, wanda ake saukewa daga intanet kuma yara ke bugawa a waya, Nintendo ya rufe kantunan intanet na Wii U da 3DS a Maris na 2023. Wasan da ke zaune a kwamfutocin kamfani ba shi da hoton da mai gyara zai kwafa, ranar da aka kashe shi a can ya mutu ko'ina. Zamanin da wasa ke hannun mai shi, yana iya buɗe shi ya gyara ya miƙa wa wani, gajere ne, kuma ragowarsa tana cikin tsoffin rumbunan da ke jibge a ƙarƙashin teburan shaguna, ana jiran a yi musu fomatin a sayar ko a auna wa 'yan gwangwan.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kowa ba. Mai shagon da ke da tsohon rumbu ya dakata kafin ya goge shi, ya kwashe abin da ke ciki zuwa wurare biyu da ba rufi ɗaya suke ba, ya rubuta a takarda sunan kowane wasa da shekarar da ya same shi da inda ya fito. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Bayero suna iya fitar da lambobin tantancewa su ɗauki hirar tsoffin masu gyara a matsayin aikin kammala karatu, Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa da Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad kuma su ware kanta guda da za ta karɓi rumbu ɗaya da na'ura ɗaya mai aiki da katinta. Masu sana'ar da suka san yadda aka yi abin suna nan da ransu a Farm Centre da Gyaɗi-Gyaɗi da Babban Giji, a je a tambaye su tun suna tunawa.